Yadda edita zai tantance sirrin ɗan siyasa kafin ya buga shi

Sirrin ɗan siyasa yakan shigo ɗakin labarai ta ƙofofin da aka sani: hoton da wani ya turo ta WhatsApp, muryar da aka naɗa a ɓoye, takardar asibiti, ko kiran waya daga mutumin da ya ƙi faɗin sunansa. Kusan kullum da gaggawa yake zuwa, mai kawowa yana cewa in ba a buga yau ba gobe zai kai wa wata jarida. Gaggawar nan ita ce abu na farko da edita zai ƙi yarda da ita. Tambayoyi uku ke gabansa, kowace kuma zaman kanta take yi: abin ya shafi aikin da jama'a suka ɗora wa mutumin? Ta wace hanya aka samo shi? Wane ɓangare ne daga cikinsa ya cancanci fita? Jarida na iya cin ta farko, ta faɗi warwas a ta biyu ko ta uku.

Dalilin bugawa, a jimla ɗaya

Kafin a kashe ko sisi a kan binciken, a sa wakilin da ya kawo labarin ya rubuta jimla ɗaya tak wadda ta fara da "Jama'a na buƙatar sanin wannan saboda", ya ƙarasa ta. Ƙarshen jimlar dole ya faɗa kan ɗaya daga cikin waɗannan: an taɓa dukiyar jama'a, an yi amfani da muƙami don amfanin kai ko na makusanci, an karya doka, an yi wa majalisa ko masu zaɓe ƙarya, mutumin ba ya iya aikinsa, ko an buɗe wa tsaron ƙasa kafa. Idan abin da wakilin ya iya rubutawa bai wuce "ai babban mutum ne" ko "kowa ma maganar yake yi" ba, to tsegumi ne a hannunsa. Son jin ƙwaƙwaf na masu karatu daban, maslaharsu daban, kuma ta biyun ce kaɗai za ta tsaya wa jarida a gaban alƙali.

Dubi John Profumo, ministan yaƙi na Birtaniya a 1963. Mu'amalarsa da wata mace a wajen aure da ta tsaya tsakaninsa da matarsa, ba don abubuwa biyu ba: macen da yake mu'amala da ita tana hulɗa da wani jami'in sojan ruwa na ofishin jakadancin Tarayyar Sobiyet a Landan, sannan Profumo ya tsaya a zauren majalisa a watan Maris ya musanta. A watan Yuni ya amsa cewa ƙarya ya yi, ya sauka. Haka Matt Hancock, ministan lafiya na ƙasar, wanda jaridar The Sun ta buga hotonsa ranar 25 ga Yuni 2021 yana rungume da wata hadimarsa a ofis. An ɗauki hoton ne a lokacin da dokar ba da tazara saboda cutar korona, wadda ma'aikatarsa ke tallatawa, ta hana irin wannan kusanci, kuma matar na riƙe da muƙami mai albashi a ma'aikatar. Washegari ya ajiye aiki. A duka biyun jimlar wakili za ta rubutu ba tare da an ambaci shimfiɗar kowa ba.

Kwatanta da bidiyon Sanna Marin, firaministar Finland a lokacin, da ya bazu a watan Agusta 2022, tana rawa da abokanta a wani gida. An ta da jijiyar wuya har sai da ta yi gwajin ƙwaya, sakamakon ya nuna ba ta sha ƙwaya ba. Tambaya ɗaya ce a ciki mai ƙafa: a wannan daren za a iya samunta ta yanke hukunci in wani abu ya taso? Wannan kuwa ana iya yi wa ofishinta ita ba tare da nuna fuskar ko mutum ɗaya daga cikin abokan ba.

Hujjar da aka fi fakewa da ita ita ce munafunci, wato mutum ya faɗi wani abu a bainar jama'a ya aikata kishiyarsa a ɓoye. Hujja ce ta gaske, amma tana da sharaɗi. A nemo takamaimiyar magana, ko ƙuri'ar da ya kaɗa, ko dokar da ya gabatar, da ranarta, a ajiye ta kusa da abin da ya aikata. Ɗan majalisar da ya jagoranci dokar ɗaure masu caca sannan aka same shi yana caca, labari ne. Wanda kawai ya taɓa sa hotonsa da iyalinsa a takardar kamfe bai sa wa jarida hannu ta shiga ɗakinsa ba. In aka sassauta wannan ma'auni babu wanda zai tsira, domin kowane ɗan takara ya taɓa cewa shi mutumin kirki ne.

Kada kuma a ƙaga alaƙar in babu ita. A 2008 jaridar News of the World ta Birtaniya ta buga hotunan sirri na Max Mosley, shugaban hukumar tseren motoci ta duniya, ta ce an kwaikwayi 'yan Nazi a wurin, kuma wannan iƙirari shi ne babban abin da ta dogara da shi. Kotu ta duba ta ce babu wani abu na Nazi a ciki, ta ci jaridar diyyar fam 60,000. Mosley ba ɗan siyasa ba ne, amma darasin ya shafi kowa. Akwai wani abu a nan da sababbin editoci kan manta: gaskiyar labari tana kare jarida daga ƙarar ɓata suna a ƙasashe da yawa, amma ba ta kare ta daga ƙarar keta sirri. Asali ma sirri gaskiya ne, shi ya sa ake ɓoye shi.

Rashin lafiya

Nan ne wurin da ya fi wuya, domin babu abin da ya kai lafiyar mutum zama sirrinsa, babu kuma abin da ya kai lafiyar shugaba shafar ƙasa. Shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shugaban Amurka Woodrow Wilson a watan Oktoba 1919, matarsa da likitansa suka rufe girman abin, aka shafe watanni ba a san halin da yake ciki ba. An gano ciwon daji a jikin François Mitterrand a 1981, shekarar da ya hau mulkin Faransa, ana ta fitar da sanarwar lafiyarsa ba tare da ambaton ciwon ba, sai a 1992 jama'a suka ji. Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya bar Najeriya zuwa asibiti a Jidda a watan Nuwamba 2009 bai miƙa mulki ba, aka zauna cikin duhu har majalisa ta ba mataimakinsa riƙon ƙwarya a watan Fabrairu 2010.

Abin da za a bi diddiginsa a irin wannan shi ne aiki. Tarurruka nawa ya rasa? Yaushe aka ga shi da ido, ba a hoton da ofishinsa ya raba ba? Wa ke sa hannu a takardu? An bi tanadin tsarin mulki kan miƙa riƙo? Wa ke biyan kuɗin jinya? An fitar da sanarwar da ta saɓa wa gaskiya? Duk waɗannan ana iya buga su ba tare da buɗe fayil ɗin asibiti ba. Sunan ciwo yana fita ne idan shi ne ke bayyana gazawar, ko idan an yi ƙarya a kansa. Ciwon da aka warke shekaru goma da suka wuce, jinyar damuwa da ba ta hana aiki ba, matsalar haihuwa, waɗannan ba na jarida ba ne, ko da takardar ta zo hannu da hatimin likita.

Ta wace hanya aka samo

Hanya tana da nata hisabin. A ɗauke ta hawa-hawa, kada a taka na sama sai na ƙasa ya gaza. Na farko shi ne bayanan da ke buɗe: rajistar kamfanoni da ta filaye, takardun kotu, bayanin kadarori, kundin zaman majalisa, jadawalin tafiye-tafiye. Na biyu, hira da mutane a fili, wakili ya faɗi sunansa da jaridarsa. Na uku, lura daga wurin da kowa ke da ikon tsayawa. Na huɗu, karɓar takardun da wani na ciki ya fitar. Na biyar, shigar burtu da naɗar murya a ɓoye. Akwai kuma abin da ba hawa ba ne sam: kutse a waya ko saƙonnin mutum, yin sojan gona a kira asibiti ko banki a tatsi bayani, da ba ɗan sanda ko ma'aikaci na goro ya buɗe fayil. Waɗannan laifuka ne a dokokin ƙasashe da dama, kuma kyawun labarin ba ya wanke su. Sauraron saƙonnin murya na mutane a ɓoye ne ya rufe News of the World a watan Yuli 2011 bayan shekara 168 tana fitowa, ya jawo kwamitin binciken mai shari'a Leveson, ya kuma kai tsohon editanta Andy Coulson gidan yari na wata 18 a 2014.

Shigar burtu tana buƙatar abu biyu a rubuce kafin a fara: shaidar farko da ke nuna wannan mutumin na musamman ya aikata wannan abu na musamman, da bayanin dalilin da ya sa ba za a samu labarin ta wata hanya ba. A watan Disamba 2010 wakilan Daily Telegraph suka je wurin ministocin jam'iyyar Liberal Democrat ta Birtaniya a matsayin 'yan mazaɓa, da na'urar naɗar murya a ɓoye. Sun samu abin da ya girgiza gwamnati: ministan kasuwanci Vince Cable ya ce ya ƙaddamar da yaƙi a kan Rupert Murdoch, attajirin mai kafafen yaɗa labarai, alhali shi ne zai yanke hukunci kan cinikin kamfanin talabijin da Murdoch ke nema, aka kuwa karɓe wannan aiki daga hannunsa. Duk da haka hukumar karɓar ƙorafi kan jaridu ta wancan lokaci ta yanke a 2011 cewa jaridar ta saɓa ƙa'ida, domin ba ta da isasshiyar shaida tun farko. Jefa koma ta yi ta ga abin da zai kamu, kuma kifin da aka kama daga baya ba ya halatta jifar.

Jaridar nan dai ita ce ta nuna ɗaya gefen a 2009, lokacin da ta sayi kundin kuɗaɗen alawus na 'yan majalisar Birtaniya. Adireshin gida sirri ne, majalisa ma ta yi niyyar fitar da takardun ne bayan ta shafe adireshi. Amma adireshin ne ya tona yadda wasu ke sauya gidan da suke kira "gida na biyu" don su gyara gidaje daban-daban da kuɗin jama'a. Ba don shi ba da babu labarin. Kakakin majalisa Michael Martin ya sauka, wasu 'yan majalisa suka je kurkuku. Biyan kuɗi don samun takardu abu ne mai haɗari, gara a kauce masa. In ya zama dole, takardar da za a iya tantance sahihancinta ta fi baki aminci, domin wanda ake biya don ya ba da labari da baki yana ƙara gishiri gwargwadon farashi.

Tabbatarwa

Majiya biyu masu zaman kansu shi ne mafi ƙaranci, kuma zaman kansu na nufin ba daga baki ɗaya suka ji ba. Direba da mai gadi da suka ji daga wurin mai dafa abinci majiya ɗaya ce. A tambayi kowace majiya: da idonka ka gani ko ji ka yi? Wace rana? Wa ke wurin? A kuma tambayi kai: me wannan mutum zai samu in labarin ya fita, kuma me ya sa yanzu? Ruwa ba ya tsami banza. Sirrin da ya ɓullo saura mako biyu zaɓen fid da gwani yawanci akwai mai tura shi. Mugun nufin majiya ba ya mai da gaskiya ƙarya, amma yana nufin an ba ka rabin labarin ne, rabin da ya yi wa mai bayarwa daɗi, kuma aikinka ne ka nemo ragowar don kada a mai da jaridarka makamin yarfen siyasa.

Hoto, bidiyo da murya: a nemi ainihin fayil ɗin, ba wanda ya bi ta hannu goma ba, domin manhajojin tura saƙo kan goge bayanan rana da na'urar da ke cikin hoto. A nemi abin da ya gabaci daƙiƙun da aka yanko da abin da ya biyo bayansu. A gwada tufafi, yanayin gari da ginin da ke bayan mutum da jadawalinsa na ranar. A bincika intanet ko hoton ya taɓa fitowa a wata shekara da wani bayani daban. Murya kuwa yanzu ana iya ƙirƙirarta da kwamfuta, don haka murya kaɗai ba ta isa ba sai an samu wanda ke wurin ko wata takarda da ta mara mata baya.

Kwanton ɓauna a ƙofar gida yana nuna wanda ya shiga da wanda ya fita ne kawai, shi ma in an tsare kowace ƙofa. A watan Mayu 1987 wakilan Miami Herald suka sa ido a gidan Gary Hart a Washington, lokacin shi ne kan gaba a masu neman takarar shugabancin Amurka a jam'iyyar Democrat, suka ba da labarin wata mace da suka gani tare da shi. Hart ya ce ta fita ta ƙofar baya, wakilan kuma ba su tsare ƙofar bayan a kowane lokaci ba. Cikin mako guda ya janye daga takara, amma wannan giɓi ya bi labarin shekara da shekaru. A rubuta abin da aka gani da lokacinsa, a faɗi inda ba a gani ba.

Abin da za a yanke

Bayan an yarda labarin zai fita, a ɗauki alƙalami a bi shi sakin layi bayan sakin layi, a riƙa gwada kowane bayani da jimlar nan ta farko. Wanda bai taimaka wajen tabbatar da ita ba ya fita. Shari'ar Naomi Campbell, fitacciyar mai tallan kayan sawa, da jaridar Daily Mirror, wadda kotun ƙoli ta Birtaniya ta lokacin ta yanke a 2004, ta shata wannan layi ƙarara. An yarda jaridar na da ikon faɗin cewa tana fama da shan ƙwaya, tunda ta taɓa musantawa a fili. Amma bayanin inda take zuwa neman magani da hotonta a ƙofar wurin sun wuce gona da iri. Labari ɗaya, rabi halas, rabi diyya.

Mutanen da ke gefen ɗan siyasa ba su tsaya takara ba. Mata ko miji, 'ya'ya, da wanda ake zargin ana mu'amala da shi, sunansu da fuskarsu na fita ne kawai idan su ma sun ci wani abu na jama'a: muƙami, kwangila, gidan gwamnati. Lokacin da mujallar Closer ta buga hotunan shugaban Faransa François Hollande a watan Janairu 2014 yana zuwa wani gida a kan babur, akwai tambaya ta gaske kan tsaron shugaban ƙasa, amma matar da abin ya shafa ta kai ƙara, kotu ta ba ta Yuro 15,000. 'Yar Mitterrand da aka ɓoye, wadda Paris Match ta buga hotonta a 1994, ta nuna inda layin ke lanƙwasa: samuwarta sirrin iyali ne, amma gidan gwamnati da masu gadin da aka ba ta ita da mahaifiyarta, da sauraron wayoyin mutane da fadar shugaban ta riƙa yi, waɗannan na jama'a ne.

Yara kuwa kusan babu ƙofa. Ƙa'idar editocin Birtaniya ta ce muƙami ko shaharar iyaye kaɗai ba hujja ba ce ta buga sirrin yaro, kuma ga wanda bai kai shekara 16 ba sai da maslaha ta musamman. A 2006 The Sun ta buga ciwon da aka gano a jikin jaririn Gordon Brown, yana ministan kuɗin Birtaniya a lokacin. Babu yadda za a ƙarasa jimlar wakili a kan wannan.

Kanun labari da hoton shafin farko su ma a gwada su da jimlar. Sau da yawa cikin labarin yana maganar kwangila, kanun yana maganar ɗakin kwana, kuma kanun ne lauyan mai ƙara zai ɗaga a kotu.

Jin ta bakinsa, da ajiye shaida

A aika wa ɗan siyasar tambayoyi a rubuce, kowane zargi da lambarsa, da rana da wuri, a faɗi lokacin da ake jiran amsa. Awa 24 ta wadatar ga zargi ɗaya mai sauƙi. Wanda ya shafi takardu da lissafin kuɗi a ba shi awa 48 ko fiye. Kiran waya saura minti talatin a rufe shafi ba neman amsa ba ne. A aika ta hanya biyu, a ajiye shaidar isarwa. Kada a nuna masa ainihin takardar in alama a jikinta za ta tona majiya. A sake buga abin da ke ciki a wata takarda. A san cewa wannan wa'adi na iya ba shi damar garzayawa kotu neman hana bugawa, ko ya riga ku fitar da labarin ta bakin jaridar da ke ɗasawa da shi, saboda haka lauya ya gama dubawa kuma labarin ya kammala kafin tambayoyin su tafi. Idan amsarsa ta rushe wani zargi, zargin ya fita gaba ɗaya, ba a bar shi a sama a cusa musantawar a ƙasa ba. Sauran mutanen da za a ambata su ma a sanar da su, kada matar mutum ko ɗansa su fara gani a shafin jarida.

Hukuncin ƙarshe na mutum uku ne: wakili, babban edita, da lauyan da ya san dokar ƙasar, tunda abin da kotun Amurka za ta bari kotun Faransa na iya cin tara a kai. A rubuta takardar shawara ta shafi ɗaya a ranar, da kwanan wata: jimlar dalili, hanyoyin da aka gwada suka gaza, majiyoyi da laƙabi maimakon sunayensu, abin da aka cire da dalilin cirewa, da wanda ya amince. Ƙa'idar editocin Birtaniya na buƙatar edita ya nuna yadda ya kai ga hukuncinsa a lokacin da ya yanke shi, kuma takardar da aka rubuta bayan sammaci ya iso ba ta da wannan nauyi. Hotuna da muryoyin da ba a buga ba a kulle su a wuri ɗaya da mutum biyu kaɗai ke iya buɗewa, a goge kwafin da ke wayoyin ma'aikata, a kuma tambayi lauya tsawon wa'adin shigar da ƙara a ƙasar kafin a lalata na asalin.